Dakta Saminu da awakinsa masu ɓari

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsugune gaban mai shayi a tashar Zango, ban ko kai kofi baki ba, waya ta yi ƙara. Wai Dakta Saminu ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce da mai kiran, wane Saminun? Kamar ina da wasu birjik. Ya ce, likitan awaki mana, naka.

An ce ya dawo daga sallar asuba ya ce kansa na juyawa, ya ɗan kishingiɗa a tabarma. Kafin a samo mota an gama. Hawan jini, in ji waɗanda suka sani. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa a Daura.

Yanzu na shigo gida. Ba rubutu nake sha'awa ba. Amma ya bar mata, ya bar yara ƙanana, ya kuma bar awaki ashirin da wani abu a bayan gidansa, kowacce da ciki tsoho. Tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba aka fara zancen kai su kara ranar Lahadi. In suka je, aikin da ya ƙarar da lafiyarsa a kai ya tafi ke nan. Shi ya hana ni kwanciya.

Ga wanda bai san ni ba, Haladu ne, dillalin awaki. Na yi sakandare, takardar tana ƙasan akwati tana hutawa. Abin da na sani a duniya a kara na koyo shi, tsakanin mai saye da mai sayarwa.

A karar Mai'aduwa na fara ganinsa, shekaru da dama baya. Dogo, da tabarau, da wata kula mai shuɗin murfi rataye a kafaɗa kamar mai tallan zoɓo. Ya tsaya a rumfarmu ya yi sallama, ya ce, “Don Allah akuya nake nema wadda ta yi ɓari.”

Sai aka fashe da dariya.

Na ce, “Yallaɓai, duk faɗin karar nan babu akuyar da ta taɓa ɓari. 'Yan biyu suke haifa, masu tsoron Allah a cikinsu har uku.”

Ya ce, “To masu ɓarin ina ake kai su?”

Na ce, “Sai dai ka bincika kasuwar gaba.”

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, yana murmushi. Ya ce, “Kai nake nema. Tashi mu sha fura.”

Daga ranar ya laƙaba mini Farfesan kara. Ni kuma ban taɓa kiransa da komai ba sai Dakta, ko da muna rigima.

A bakin furar nan ya faɗa mini sunan cutar. Kalamidiya. Na ce wannan ai sunan amarya ne daga Kudu. Ya ce amarya ce kuwa, in ta tare a garke ba ta yaji.

Ƙwayar cuta ce, ido ba ya ganinta. Akuya za ta ɗauki ciki lafiya ƙalau, tana ci tana sha, hantsa ta fara cika, mai ita har ta fara shirin abin da za ta yi da 'ya'yan. Sai ana dab da haihuwa ta zubar. Ko kuwa ta haifo ɗa laɓo-laɓo, ba ya ko iya miƙewa ya kama nono, ya kwana ɗaya ya bi.

Duk wanda ya taɓa kiwo a ƙasar nan ya ga wannan. Mu dai cewa muke baki ne, ko iska, ko ta ci leda.

Ya ce a mabiyiya cutar take, da ruwan da ke fita bayan ɓarin. Mu kuma me muke yi da mabiyiya? A jefa a juji. Kare ya ja, kaji su tona, sauran awaki su zo su shinshina.

Amma abin da ya fi cin ransa shi ne abin da mata ke yi washegari. Akuya ta yi ɓari, uwar gida ta ce wannan ba ta da albarka, a kai ta kara. A sayar shiru, a cika a sayo wata mai sheƙi, a kawo a ɗaure a turken nan dai da waccan ta zubar. Ita kuma mai ɓarin ta tafi wani gari da cutar a jikinta, gidan wanda bai san komai ba.

Ya ce, “Farfesa, wadda ta zubar ɗin nan jikinta ya riga ya san cutar. Galibi ba ta sake zubarwa. Sun kori wadda ta ci jarrabawa, sun ɗauko sabuwar ɗaliba sun zaunar a kujerarta.”

Na ce, “To mu dillalai da me za mu ci tuwo in kowa ya riƙe tasa?”

Ya ce, “Ku ci da miya.”

Wannan garkuwar da jikin akuya ke samu bayan ɓari, ita ce aikinsa. Ƙarfinta nawa. Haihuwa nawa take kaiwa kafin ta yi sanyi. Ko uwa na ba ɗanta ta cikin dakashi, wato nonon farko. Da kuma dalilin da ya sa a gida guda wata akuyar ke tsaye ƙyam cikin cutar ba ta taɓa zubarwa ba. Ya ce riga-kafi akwai shi a wasu ƙasashe, amma bai iso turken Iya a ƙauye ba, kuma ba a kan awakinmu aka gwada shi ba. In ba a fara sanin jikin tamu akuyar ba, me za a ce an sani?

Haka na zama mai nemo masa kayan da babu dillalin da ke amsa cewa yana da su.

A kan babur ɗinsa muka ci ƙasar nan. Shi a gaba, ni a baya rungume da kula. Zango, Dutsi, Baure, Babban Mutum har bakin iyaka. Ni ne baki, shi ne sirinji. In muka isa ƙofar gida ni ke sallama da mai gida, in yi ta zagaye-zagaye, don ba ka isa ka ce wa mutum kai tsaye an ce akuyarka ta yi ɓari ba. Sai ka fara da gero, ka bi ta farashin taki, ka gangaro.

Akwai wata tsohuwa a Dutsi, Iya Tabawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, akuya ɗaya gare ta, ja, ita ce gonarta ita ce bankinta. Ta zubar da 'yan biyu ana saura kaɗan. Muka same ta ta riga ta ɗaura mata igiyar kasuwa.

Na raɗa wa Dakta cewa ya bar ni da ita, a araha zan karɓo masa.

Ya harare ni ta saman tabarau. Ya tsuguna gabanta ya ce, “Iya, kuɗin lafiyayya zan ba ki. Kuma in ta haihu a hannuna kika ji an ce mace, taki ce.”

Ta ce, “Ɗan nan, ta zubar fa. Kada ka ce ban faɗa maka ba.”

Ya ce, “Don ta zubar nake so.”

Ta juyo ta dube ni ta ce, “Haladu, wannan abokin naka lafiyarsa ƙalau?”

Na ce, “Iya, karatu ne ya yi masa yawa.”

Haka ya tara garken, ɗaya bayan ɗaya, yawanci daga hannun mata, kuma kowacce da irin wannan alkawarin. Ya killace su a bayan gidansa, ba sa cuɗanya da na kowa. Kowacce ya maƙala mata jan ɗan kunne na roba.

Ni ma ya taɓa yi min rana, ba zan manta ba.

Shekarar da maiɗakina ke da cikin 'yarmu ta ƙarshe, akuyarta ta yi ɓari da hantsi. Na kira shi ne kawai don in ce ga wata ta samu. Bai ko tambayi akuyar ba. Ya ce, “Madam ta taɓa?” Na ce yanzu take neman tsintsiya. Ya ce, “Hana ta. Ko kusa kada ta je. Ga ni nan.”

Daga Daura ya taso cikin ranar nan. Ya sa safar hannu, ya kwashe komai da kansa, ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida ya binne, ya ƙone shimfiɗar turken. Sannan ya tsaya a zaure ya ɗaga murya yadda za ta ji daga ciki, ya ce, “Madam, cutar nan tana kama mace mai ciki. Har ki sauka, ke da turke sai gaisuwa daga nesa.”

Ta ce, “To wa zai ba su dusa, Dakta?”

Ya ce, “Ga Farfesa nan, hannunsa ba ciwo.”

Wata biyu ina dama dusa. Yarinyar yanzu tana firamare, bakinta ya fi nawa.

Ba zan ce muku aikin nan daɗi gare shi ba. Wahala ce zalla.

Jinin da ya ɗiba sai da sanyi. Da azumi kuwa masu ƙanƙara sun gane shi, da sun hango shuɗin murfi sai su haɗa baki. Na sha yi masa ciniki a kan ƙanƙara kamar ina sayen bijimi.

Wata shekara ya tara kwalaben jini na wata da watanni a firji, yana jiran ya cika ya kai ɗakin gwaji a Zariya. Ya yi tafiyar kwana biyu, wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi. Ya dawo ya buɗe firjin ina tsaye. Warin ma ya isa bayani.

Bai yi faɗa ba. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, ya daɗe. Can ya ce, “To, Farfesa. Ran Talata sai mu koma Baure.”

Daga baya ya sayar da filinsa ya haɗa sola. Danginsa ba su ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Maƙwabta ma ba su bar shi ya huta ba. Duk akuyar da ta yi tari a unguwar, awakin Dakta ne. A wurin aiki kuma, takardar neman tallafi ta tafi, shiru. Ya sake aikawa, shiru. Albashinsa ne harawa, albashinsa ne allura. Na taɓa ce masa, “Dakta, abokanka suna can suna duba karnukan manya a Abuja, sun yi tumbi.” Ya ce, “Kare ba ya biya wa marainiya kuɗin makaranta. Akuya na biya.”

Ranar Lahadin da ta wuce muka rabu.

Ya zo rumfarmu bayan la'asar, ba kula, ba komai. Idanunsa sun yi ja, fuskar ta ɗan kumbura. Na sayo masa tsire, ya ɗauki yanka ɗaya ya riƙe har ya huce.

Ya ce, “Duk sun ɗauka, Farfesa. Wannan ce haihuwar da nake jira. In suka sauka, na ɗebi jinin uwa da na ɗa, na haɗa da na baya, to ina da abin da zan faɗa wa mutane ba kame-kame.”

Na ce, “Sai kuma me?”

Ya ce, “Sai in yi barcin rana, irin naku na dillalai.”

Na ce ya je a auna jininsa, ba na akuya kaɗai ke da jini ba. Ya ce, “Bari su haihu.”

Ya tashi, ya kaɗe riga, ya tura babur sai da ya yi nisa kafin ya tashi. Ban ko raka shi ba, ina tsakiyar ciniki.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta, ana zaman gaisuwa a ƙofar gida, yayansa Alhaji Mudi ya yafito ni gefe. Shi ne babba a gidan, shi zai tsaya wa marayu.

Ya ce, “Haladu, kai ne ka san kan dabbobin nan. Ka zo da mota ran Lahadi a kwashe su.”

Na ce, “Alhaji, da ciki fa suke.”

Ya ce, “Shi ya sa. Yanzu suke da kyan gani. A cire musu robar nan ta kunne, wa zai sani? La'adarka tana nan.”

Na dube shi.

Ya ce, “Kada ka dube ni haka. Bazara ce, ka san kuɗin harawa. Matarsa ta shiga takaba. Yaran nan hatsi za su ci, ba bincike ba. Shi da ya iya wahalar ya tafi.”

Wallahi duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ba mugu ba ne Alhaji Mudi. Mutum ne da kaya ya faɗo masa a ka da safe, yana neman inda zai fara saukewa.

Na ce masa, “Bari in duba kasuwa.” Duk wanda ya san dillali ya san abin da wannan ke nufi, wato ba zan yi ba. Shi bai sani ba, ya ce Allah ya yi albarka.

Zan tafi ke nan aka ce ana kirana daga ciki. Malama Hadiza ce, matar marigayin. Na tsaya a soro, tana bayan labule, muryarta ta dushe.

Ta ce, “Malam Haladu, na ji abin da Yaya ya ce. Ni tumunin gado kawai gare ni a ciki, ba ni da bakin hanawa. Amma shekarun nan da awakin nan na raba miji. In aka sayar da su yanzu, ban san me na yi wa haƙuri ba.”

Na ce, “Malama, Allah ya ba da haƙuri.”

Ta ce, “A bar su su haihu. Shi ke nan abin da nake roƙo.”

A hanya na kira abokin aikinsa na Zariya, wanda suke gwajin tare. Ya ce in dai awakin na wuri ɗaya da alamarsu a kunne, zai zo da kansa lokacin haihuwa ya ɗebi jinin, ya ƙarasa, sunan Dakta a sama. Amma ba shi da inda zai ajiye su, kuma in suka watse ba abin da zai iya. Akuyar da aka cire wa alama ta shiga kasuwa, ta zama akuya kawai.

To ni ba ni da kuɗin sayen garke. Ba ni da gado a gidan. Ba ni da iko a kan kowa.

Abin da nake da shi baki ne, da ku da ke karanta wannan.

Malamai sun sha karanta mana a masallacin kara cewa wanda ya san aibin dabba wajibi ne ya faɗa, in ya ɓoye kuma mai saye na da ikon mayarwa. To yau ga dillali zai faɗa, ba a tambaye shi ba.

Jama'ar kara, na Mai'aduwa, na Zango, na Babban Mutum, da duk mai shirin sayen akuyar kiwo a 'yan makonnin nan, ku saurara.

Awakin gidan marigayi Dakta Saminu, dukkansu masu ɓari ne. Kowacce ta taɓa zubarwa, ni na nemo su da ƙafata, na san gidan da kowacce ta fito. Shi da bakinsa ya ce irinsu na iya kasancewa ɗauke da cutar ko sun daina zubarwa. Ka kai ɗaya garkenka, abin da ya biyo baya kai ka saya. Jan ɗan kunne gare su. In an cire, hujin na nan a kunnen hagu, ku duba.

Ku kuma mahauta da masu lodin Kudu, na san ɓari bai dame ku ba. To da ciki suke, tsoho. Ku ji tsoron Allah. Wanda tsoron bai ishe shi ba, ya tuna shekarunmu tare a karar nan, kuma ya san na san abin da na sani.

Na kashe musu kasuwa, na sani. Da gangan na yi.

Alhaji Mudi, na san kafin isha za a karanta maka. Ka yi haƙuri, ka ɗauke ni ƙaninka da ya yi rashin kunya. Gobe da safe zan zo in tsuguna ka faɗa mini duk abin da ka ga dama. Amma ba hannu biyu zan zo ba. Harawar da na ajiye don tumakin layya tana rumfa, da ita zan zo. Ni zan riƙa ba su ci da sha kafin in fita kasuwa, ba sai an taɓa hatsin marayu ba.

In suka sauka aka ɗebi jinin, aka ba su Iya Tabawa 'yan matan da aka yi musu alkawari, ragowar naku ne, uwa da 'ya'ya. Ranar ni zan sayar muku, in faɗi aibinsu da bakina, in nemo mai saye da ya san abin da ya saya, kuma ba na son la'ada.

Harawata ba za ta kai su ba, gara in faɗa tun yanzu. Mai dusa, mai ƙaiƙayi, mai ragowar karan wake, wanda Dakta ya taɓa tsugunawa a turkensa bai karɓi ko sisi ba, kun san gidan. Ba sai kun yi magana da kowa ba, ku ajiye a ƙofar baya. Mata masu ciki dai kada su shiga wurin.

Ban san me jinin zai nuna ba. Wataƙila abin da yake fata, wataƙila akasinsa. Shi ma bai sani ba, shi ya sa yake jira. Ni dai na gaji da ganin abu ya kusa kai, a zubar.

Allah ya jiƙan Dakta Saminu. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba. Allah ya sa wahalar nan ta zame masa sadaka mai gudana. Allah ya ba Malama Hadiza da Alhaji Mudi juriya, ya raya abin da ya bari.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu, ko ƙafa uku ce. Ku tura wa na kara da ba sa nan. In kun ɗaga hannu kuma, ku haɗa da awakin nan, Allah ya sauke su lafiya.

Amin.